Talabijin na biyu a ɗakin Mma: sai na ƙara dish ko wannan ɗin ya isa?

Baban_Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar setilayit. A Nima muke nan Accra, gidan haya, ciki da falo, sai wani ɗaki can ƙarshen tsakar gida da na kama wa mahaifiyata tun da ta baro Kumasi ta dawo wajenmu. A falo akwai dikoda, ƙaramin dish kuma yana kan rufi. Tashoshin kyauta na Multi TV muke kallo, shekara huɗu ke nan ban taɓa kiran mai gyara ba. Yanzu ciwon ƙafa ya matsa wa Mma, tahowa falo da dare na yi mata wuya. Ko ta daure ta zo, sai ta tarar yara sun kafa ƙwallo ko katun, ita kuma ba za ta taɓa cewa a canza mata ba, sai ta ɗan zauna ta koma. Abin yana damuna ƙwarai. Ƙanwata ta aiko mata da talabijin, sati biyu yana cikin kwali. Shin dole sai na sayi wani dish, ko wannan zai ɗauki talabijin biyu? Wani yaro a layinmu ya ce in sayi 'yar ƙaramar siflita in raba wayar gida biyu, shi ke nan. Haka ne?

Shamsu_Newtown:
Wa alaikumus salam. Haka ne Yaya, ni ma haka na yi. Ka shiga Zongo Lane ka sayi siflita da waya da dikoda ta biyu, ka haɗa. Tawa tana aiki fiye da shekara.

MaiGyara_Fadama:
Baban Hafsa, Allah Ya ba Mma lafiya, Ya saka maka da alheri. Kafin ka kashe ko sidi ɗaya ka saurare ni, wannan aikin shi nake ci da shi. Shamsu bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya faɗa.

Wayar dish ba kamar tiyon ruwa ba ce da za ka raba kowa ya ɗiba. Abin nan da ke bakin dish, wanda muke kira LNB, ba shi da wutar kansa, dikoda ce ke tura masa ta cikin wayar nan guda. Kuma da wutar take gaya masa abin da take so. In ta tura bolt 13, zai ba ta tashoshin da ke layin V, wato na tsaye. In ta tura bolt 18, ya ba ta na layin H, na kwance. Akwai kuma wani sauti na 22kHz da take aikawa in tana son tashoshin da ke saman zango, in ta ɗauke shi ya koma na ƙasa. Kashi huɗu ke nan, LNB mai baki ɗaya kuwa kashi ɗaya kawai yake iya bayarwa a lokaci guda. To ka ɗaura masa dikoda biyu, ta falo tana cewa 13, ta ɗakin Mma tana cewa 18. Wa zai bi? Mai ƙarfin ce za ta rinjaya, ɗayar kuma hoto ya ɗauke.

Abin da ya dace shi ne ka cire LNB ɗin da ke kai ka sa mai baki biyu. Kowane baki da wayarsa, kowace waya da dikodarta, babu ruwan wata da wata. Dish ɗinka ɗaya ya isa.

Shamsu_Newtown:
To Malam, ni me ya sa tawa ba ta ɗaukewa?

MaiGyara_Fadama:
Don tashoshin da kuke kallo a gidanka sun faɗo kashi ɗaya ne, ƙanena. Muddin dikodojin biyu abu guda suke nema, ba za ka ga komai ba. Ka gwada yau: ka bar ta ɗaki a kan tasha ɗaya, ka zauna a falo ka bi tashoshin duka ɗaya bayan ɗaya, wani ya tsaya yana duba maka ta ɗakin. Ka dawo ka faɗa mana. Ban da haka ma siflita tana rage ƙarfin sigina, kowane ɓangare bai kai rabin abin da ya shigo ba. Wanda wayarsa gajeriya ce ba zai lura ba. Shi kuwa Baban Hafsa ƙarshen tsakar gida zai ja.

Ramatu_Sukura:
Ni shaida ce a kan maganar Malam. Da siflita muka fara. Duk ran da maigidana ya kashe dikodar falo daga soket zai fita, tawa ta ɗaki sai ta mutu. Na yi wata uku ina zaton talabijin ɗina ne ya lalace, har na kai shi wajen gyara aka dawo min da shi aka ce lafiyarsa ƙalau. Ashe siflitar ta gefe ɗaya kawai take barin wuta ta wuce, gefen falo. Tun da aka sa mai baki biyu ban sake ganin haka ba.

Danlami_Ashaiman:
Akwai hanyar da ba ta buƙatar hawa rufi. Ka duba bayan dikodarka, wasu suna da rami biyu, ɗaya an rubuta LNB IN, ɗayan LOOP OUT. Daga na biyun sai ka ja waya zuwa dikodar Mma.

MaiGyara_Fadama:
Danlami, wannan ma ɗanjuma ne da ɗanjummai. Ta biyun baiwar ta farko ce, abin da ta farko ta zaɓa shi za ta samu. Yaro ya canza tasha a falo zuwa wani kashi, Mma ta rasa hoto tana tsakiyar kallo. Tsohuwar da ba ta iya cewa a canza mata tasha, kana ganin za ta aiko a ce hotonta ya ɗauke? Shiru za ta yi ta kwanta. Kuma yawancin ƙananan dikodojin yanzu ba su ma zuwa da wannan ramin.

Kawu_Idi:
Ni tambayata ɗaya. Duk kuna ta maganar dikoda ta biyu. Me zai hana a ja hoton falon kai tsaye zuwa ɗakin? A gidana da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, na yi, dikoda ɗaya talabijin biyu.

UmmuKhalid:
Kawu, ai ka koma ka karanta abin da ya rubuta tun farko. Matsalar ita ce abin da yara ke kallo ba shi Mma ke so ba. In aka ja hoton falo, ƙwallon nan dai za a kai mata har gado.

Kawu_Idi:
Gaskiyarki 'yata, ban lura da wannan ba. Tawa dabarar ta mai shago ce da ke son hoto ɗaya ciki da waje.

Dan_Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Baban Hafsa, ka buɗe kwalin nan tukuna kafin ka sayi dikoda. Talabijin da yawa da ake sayarwa yanzu a Gana da setilayit ɗinsu a ciki suke zuwa. Ka juya bayansa. In ka ga rami mai zare, irin wanda ake murɗa wa waya kamar noti, kuma a jikin kwalin an rubuta DVB-S2, to ba ka buƙatar dikoda, wayar dish kai tsaye za ta shiga. Ɗaya ramin mai santsi na eriya ne, shi ne T2. Amfanin wannan ga tsohuwa babba ne: rimot ɗaya. Kakata da rimot biyu muka bar ta, kullum sai ta danna abin da ya fitar da talabijin daga HDMI, inda hoton dikoda ke shigowa, sai ta zauna gaban shuɗin allo har wani ya dawo daga kasuwa.

Baban_Hafsa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Ɗan Aboabo, na buɗe na duba. Rami ɗaya ne, mai santsin, T2 kawai aka rubuta. Ke nan sai na sayi dikoda. Malam na Fadama, na fahimci bayaninka sarai, LNB mai baki biyu zan saya. Zan iya sa shi da kaina ko sai na kira mai gyara?

Alhaji_Kasoa:
Tunda akwai T2 a ciki, ka gwada eriya mana kafin komai. Kana tsakiyar Accra. 'Yar eriyar waje a kan sanda, ka sa talabijin ya nemo tashoshi da kansa, GTV da TV3 da sauran na gida za su fito ba dish ba dikoda. Kuma ruwan sama bai cika ɗauke ta ba yadda yake ɗauke dish. Ita ce ma ake rabawa da siflita lafiya lau, don ba ruwanta da bolt 13 da 18 ɗin nan.

Hajiya_Madina:
Ku yi haƙuri in sa baki. Tun safe nake karantawa, maza sun yi ta waya da bolt, babu wanda ya tambayi abin da ita baiwar Allah take son kallo. Baban Hafsa, ɗana, ka je ka zauna ka tambaye ta. Ni shekaruna sun kusa nata in ban girme ta ba. Abin da ke riƙe ni gaban talabijin shi ne in ji ana Hausa, ko karatun Alƙur'ani, ko wa'azi. In ka ja mata tashoshi ɗari na Turanci ka yi wahalar banza, za ta yi maka godiya ta sa albarka, amma ba za ta kunna ba.

UmmuKhalid:
Wallahi Hajiya kin faɗi abin da ke raina.

MaiGyara_Fadama:
Hajiya ta fi mu gaskiya, kuma amsar za ta iya canza aikin gaba ɗaya. Dish ɗin Baban Hafsa yana kallon tauraron Astra ne da ke digiri 28.2 gabas, can Multi TV take tun da aka buɗe ta, can ake samun Adom TV da Joy Prime da JoyNews da sauran tashoshin Gana. In Hausa zalla ake so irin ta Arewa24, ni a Eutelsat 16A nake kama wa mutane ita, digiri 16 gabas. Tauraro daban ne, wuri daban a sama. LNB mai baki biyu ba zai kawo shi ba ko baki goma ne da shi, don duk bakunan tauraro ɗaya suke gani.

Baban_Hafsa:
Hajiya, na bi maganarki, na je na zauna da ita bayan la'asar. Da farko cewa ta yi kada in wahalar da kaina, komai aka sa mata ya yi. Da na matsa sai ta ce a Aboabo gidan maƙwabciyarta suna kallon tashar Hausa ta Kano, tana jin daɗinta sosai. Amma kuma tana son labarai da Twi, don a Kumasi ta tashi, ta fi gane shi a kan Turanci nesa ba kusa ba. Ke nan duka biyun take so. Malam, yaya ke nan?

MaiGyara_Fadama:
Ana yi, ba wani abu ba ne. Ga yadda zan haɗa in ni ne. A kan Astra ka sa mai baki biyu. Baki ɗaya ya tafi falo yadda yake yanzu. Sai a ƙara wani LNB mai baki ɗaya da zai kalli Eutelsat 16A. Sai ka sayi 'yar na'urar nan da ake kira DiSEqC, tana da ƙofofin shiga biyu ko huɗu da mafita ɗaya. Bakin Astra na biyu ya shiga ƙofa ta 1, na Eutelsat ya shiga ta 2, daga mafitar waya ɗaya tak ta gangara ɗakin Mma. A cikin dikodarta a gaya mata Astra na ƙofa ta 1, Eutelsat na ta 2. Daga nan ita ba ruwanta, tana danna tasha dikoda ce ke zaɓar ƙofa da kanta.

Kada wani ya rikita DiSEqC da siflita don sun yi kama a ido. Siflita tana raba LNB ɗaya ga dikoda biyu. DiSEqC tana tara LNB da yawa ga dikoda ɗaya.

Saura inda za a ɗora LNB na biyun. Tsakanin taurarin nan digiri 12 ne da ɗoriya. A dish mai faɗin santimita 90 ina ɗaura shi a gefe da ƙarfe ya kama. A ƙarami mai 60 kuwa ba na son yi, don na gefen ba ya samun cikakken ƙarfi, hadari kaɗan ya ɗauke.

Danlami_Ashaiman:
A nan ban yarda da kai ba Malam. Nawa 60 ne kuma LNB biyu ne a kai, ina kallo.

MaiGyara_Fadama:
Kana kallo da rani. Ka ba mu labari a watan Yuni.

Danlami_Ashaiman:
Damina biyu ya yi a kai. Yana ɗaukewa in ruwa ya yi ƙarfi, ban musa ba, amma na maƙwabcina mai 90 ma yana ɗaukewa. Bambancin 'yan mintuna ne. Ba kowa ke da kuɗin sauya dish ba, a faɗa wa mutum abin da zai iya.

Malam_Tanko:
Ku biyun duka kuna da hujja. Ruwan sama yana shanye irin wannan siginar ta ƙananan dish, da ake kira Ku-band, komai girman dish, sai dai babba ya fi jurewa. Ku tuna daga nisan kusan kilomita 36,000 abin nan yake saukowa. Ni shawarata ga Baban Hafsa, kada ya taɓa saitin dish ɗin da ya shekara huɗu bai ba shi matsala ba. Ya samo wani ƙaramin dish, ko na hannu ne, a kafa wa Eutelsat shi kaɗai. Gidaje nawa ne a Nima da Maamobi da dish ke kan rufi ya mutu ba mai amfani da shi? In dai bai lanƙwashe ba kuma tsatsa ba ta cinye shi ba, zai yi.

Sannan ga masu son tashoshin Makka da Madina kai tsaye, waɗannan a taurarin Larabawa aka fi saninsu, Badr da Nilesat. Haskensu ya fi ƙarfi can ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka, don haka nan bakin teku ba aikin ƙaramin dish ba ne. Kada a haɗa wannan da aikin yau.

Ramatu_Sukura:
Baban Hafsa, ka ce gidan haya ne. Ka fara sanar da mai gidan kafin a huda ko'ina. Mu an huda kwanon rufi an sa ƙafar dish, damina ta zo ruwa ya dinga zuba a ɗakin maƙwabciya, rigimar da aka yi har sai da dattawan unguwa suka shiga. Gara a kafa a jikin bango ko a kan ƙarfe daban. Wayar kuma kada a bar ta tana reto a tsakar gida inda mata ke shanya.

Alhaji_Kasoa:
Ni mai gidan haya ne, kuma abin da Ramatu ta faɗa shi ke ci min rai. Ɗaki takwas, dish shida a kan rufi ɗaya, duk tauraro ɗaya suke kallo. Da masu haya za su haɗa kai, LNB mai baki huɗu a dish ɗaya ya ishi ɗaki huɗu. Na kawo shawarar, aka ce in ya lalace wa zai gyara, in wani ya tashi wa zai ɗauka. Har yau ba a daidaita ba.

Shamsu_Newtown:
Na dawo. Malam na Fadama, na yi gwajin da ka ce. Akwai tashoshin da in na shiga a falo ta ɗaki sai ta tsaya cak, in na fita ta dawo. Ban taɓa lura ba don ba ma kallonsu. Na janye maganata ta farko, Yaya kada ka sayi siflita.

Kawu_Idi:
Wani abu da ba a ambata ba. Kowa na cewa kyauta, kyauta. Ba a biyan kuɗin wata, gaskiya ne, amma akwai lasin talabijin na GBC, hukumar rediyo da talabijin ta Gana, a doka. Yadda aka sanar a 2015, sidi 36 ne a shekara ga mai talabijin ɗaya a gida, sidi 60 ga mai biyu ko fiye. To wanda zai ƙara na biyu ya san da wannan.

Danlami_Ashaiman:
Kawu, wannan kuɗin na mallakar akwatin ne, ba na setilayit ba. Ko eriya kake amfani da ita haka ne.

Kawu_Idi:
Ai ban ce na setilayit ba ne. Na ce talabijin ya zama biyu. Kuma ni ina ganin GBC da ta daɗe tana ba Hausa wuri a shirye-shiryenta a ƙasar nan ta cancanci mu riƙa tunawa da ita.

UmmuKhalid:
Tunda an ɗan fita daga layi, bari in faɗi nawa. Na Mma daban ne, wannan jinƙai ne. Amma masu karantawa da niyyar sa wa yara a ɗakinsu, ku yi tunani. Tashoshin kyautan nan in ka sa dikoda ta nemo duka, akwai na masu tallar kuɗin tsafi da na bokaye da finafinan da ba su dace ba, cakuɗe da na kirki. A falo idonka na kai. A ɗaki fa? Ni sai da na zauna na goge su ɗaya bayan ɗaya na sa lambar sirri.

Hajiya_Madina:
Haka ne 'yata. Kuma Baban Hafsa, wata magana tsakanina da kai. In ka sa mata talabijin kada ya zama dalilin da za a daina leƙa ta. Zuwanta falo da ƙafa mai ciwo ba don hoto kaɗai ba ne, jikokinta take son gani. Ka riƙa tura Hafsa ta zauna da ita su kalla tare.

Baban_Hafsa:
In sha Allahu Hajiya, na riƙe wannan. Malam, ban samu amsar tambayata ta ɗazu ba, ko zan iya canza LNB da kaina.

MaiGyara_Fadama:
Afuwan, ta shige min. Canza LNB kaɗai za ka iya in kana da natsuwa. Ka kashe dikoda daga soket kafin ka taɓa waya. Kafin ka kwance tsohon ka ɗauki hotonsa da wayarka, ka kuma yi alama a maƙallin, don yadda aka murɗa shi da yadda aka tura shi gaba ko baya duk saiti ne. Mu nan kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa murɗin yana da yawa, in ka ɗaura sabon a miƙe yadda ido ke so ba za ka samu komai ba. Kada ka jingina da dish ɗin, motsin da bai kai faɗin yatsa ba ya isa ya ɓatar da tauraron. Wani ya tsaya gaban talabijin yana karanto maka sandar inganci, ba ta ƙarfi ba. Ta ƙarfi tana iya cika ko dish na kallon bango.

Waya ka nemi RG6 mai kyau. Ka tafi da maganaɗisu kasuwa, in ya kama zaren tsakiyar to ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba zallarsa ba. Irin wannan da iskar tekun Accra ba ya daɗewa yake tsatsa a baki, araha ba ta ado. Wajen ɗaura kan wayar ka kula ko silin gashi ɗaya na ragar waje kada ya taɓa zaren tsakiya, shi ke sa dikoda ta yi ƙorafin gajeren haɗi, wani lokaci ma ta ƙone. Ka naɗe mahaɗar da ke waje da tef. Inda waya za ta shiga ɗaki ka bar ta ta ɗan yi ciki ƙasa kafin ta hau ramin, ruwa ya ɗige a waje maimakon ya bi ta har bayan dikoda.

Amma nemo Eutelsat da saita DiSEqC, wannan ka kira mai gyara da ke da mitar auna sigina. Kuma Nima wayoyin wuta sun yi kusa da rufi, kada ka hau da sandar ƙarfe, kada ka hau kwano jiƙe.

Dan_Aboabo:
Ƙari a kan na Malam: dikodar da za ka saya ta zama mai DVB-S2 da MPEG-4. Kada wani ya ba ka tsohuwa kyauta ka karɓa, za ka ji murya ba hoto, ko tashar ma ta ƙi fitowa. In an gama nemo tashoshi ka jera wa Mma nata guda biyar ko shida a farko, 1 zuwa 6, sauran ka goge ko ka tura ƙarshe.

Malam_Tanko:
Ɗazu wani ya turo min saƙo yana tambaya ko dish alƙibla yake kallo, tunda an ce gabas. A'a. Daga nan alƙibla gabas ce da ta karkata arewa, shi kuwa dish ɗin Astra gabas yake kallo ya ɗan karkata kudu. Kada mai neman tauraro ya bi masallaci, kada mai salla kuma ya bi dish. Mafi sauƙi ka dubi na maƙwabta.

Ramatu_Sukura:
Kuma in hadari ya taso da tsawa a zare wayar dish da ta wuta duka. In an ɗauke wuta ma a kashe soket kafin a dawo da ita. Lokacin dumsor, da ake ta yawan ɗauke wuta, dikoda biyu muka rasa a haka.

Baban_Hafsa:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana tara. Na sami mai gidanmu ya amince, da sharaɗin ba za a taɓa kwano ba. Mai baki biyun ni na sa da kaina ranar Asabar, na bi alamar da Malam ya ce, hoton falo ya dawo nan take. Dish na biyu kuwa shawarar Malam Tanko na bi, wani maƙwabci da ya koma kallo ta intanet ya bar min nasa, na kira mai gyara ya kafa a bangon ɗakin Mma ya saita. Da yake dish ɗin yana jikin ɗakinta, DiSEqC ɗin ma nan ƙarƙashin inuwar rufinta aka ɗaura, waya ɗaya ce kawai ta ratsa tsakar gida, ta bi saman bango. Tashar Hausa ce lamba 1, Adom TV lamba 2. Daren farko har ƙarfe goma ina jin muryarta ita da Hafsa.

Saura abu ɗaya. Tashoshin Astra a ɗakinta wani lokaci in ta koma kansu daga ta Hausa sai allo ya yi baƙi, sai an kashe dikoda an kunna. A falo ba ya yin haka.

MaiGyara_Fadama:
Madalla, Allah Ya ƙara mata lafiya. Wannan ba daga dish ba ne tunda falo lafiya. Ko dai DiSEqC ɗin ba ya jin umarni da kyau, ko wani kan waya bai ɗauru ba, ko saitin ƙofa a dikoda. Ka fara da duba saitin, Astra ƙofa ta 1, Eutelsat ta 2, kada a bar shi a kan zaɓin kai da kai. In bai daina ba ka sauya wayoyin zuwa wasu ƙofofin ka gyara saitin ya dace.

Danlami_Ashaiman:
Ni na fi zargin dikodar. Wasu ƙananan ba sa tura umarnin da ƙarfi. Ka ɗauko ta falo ka gwada a ɗakin Mma na yini ɗaya, in ta yi lafiya ka san inda matsalar take.

Alhaji_Kasoa:
Malam na Fadama, in ka gama da shi ina da tambaya a kan gidan nan nawa mai ɗaki takwas. Mai baki huɗu guda biyu zan sa a dish biyu, ko akwai abin da zai ɗauki takwas ɗin a dish ɗaya?

Baban_Hafsa:
Zan fara da saitin yau da daddare in ta yi barci, gobe kuma in gwada ta falon kamar yadda Danlami ya ce. Ƙofofin DiSEqC ɗin huɗu ne, in zan sauya, 3 da 4 zan koma ko in juya 1 da 2 kawai?